Tikitin jirgin ƙasa da jikin da ba ya jin zafi

Da zarar ka zaɓi kujera a shafin sayar da tikitin jirgin ƙasa, wani ɗan agogo yakan fara ƙirga baya a kusurwar allo. Galibi minti 10 ne ko 15. A cikin wannan ɗan lokaci ake so ka rubuta sunan kowane matafiyi daidai da yadda yake a katin shaidarsa, ka zaɓi rangwamen da ya dace da kai, ka karanta sharuɗɗan soke tafiya, ka shigar da lambobi 16 na katin banki, sannan ka jira saƙon tes daga bankin ka kwafi lambar sirrin da ke ciki. Mai saurin yatsu da ido garau da waya mai cikakken sabis zai gama a minti 3. Wanda hannunsa ke rawa, da wanda sai ya laluba tabarau, da uwar da jariri ke tsala kuka a kafaɗarta, agogon bai san da zamansu ba.

A ganina an gina yawancin tsarin sayar da tikiti ne domin wani fasinja da babu shi a doron ƙasa: ba ya gajiya, ba ya ruɗewa, gwiwa ba ta yi masa ciwo a kan matakala, asarar kuɗi ba ta hana shi barci. Irin jarumin nan na littattafan zane wanda harsashi ke dukan ƙirjinsa ya faɗi ƙasa a lanƙwashe. Abin da ya fi damuna kuma shi ne kamfanonin jirgin da kansu sun koma irin wannan jarumi. Kafin a gane nufina sai an ɗan tsaya a kan wata tambaya da masu sha'awar waɗannan labarai suka daɗe suna gardama a kanta: mutumin da wuƙa ba ta kama shi, yaya yake jin iska a fuskarsa, ko takardar tikiti a tsakanin yatsunsa?

Taɓawa ba ta samuwa sai fata ta lotsa. A fatar yatsa akwai ƙananan gaɓoɓin ji iri huɗu. Wasu na ɗaukar matsi mai ɗorewa da kaifin gefen abu, wasu na jin zamewa, wasu miƙewar fata, na huɗun kuma da suka fi zurfi suna kama karkarwa, sun fi jin wadda ta kai kusan sau 250 a daƙiƙa. A bangon ƙwayoyin waɗannan gaɓoɓi akwai wata 'yar ƙofa ta furotin mai suna Piezo2. Idan bangon ya miƙe sai ƙofar ta buɗe, sinadarai masu ɗauke da lantarki su kwarara ciki, saƙo ya nufi ƙwaƙwalwa. Ɗakin binciken Ardem Patapoutian ne ya gano wannan dangin ƙofofi a 2010. Kafin nan, a 1997, David Julius ya gano TRPV1, ƙofar da ke buɗewa idan zafi ya haura digiri 43 a ma'aunin Salshiyas. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 2021.

To, ɗauki jarumin da fatarsa ta yi taurin ƙarfe. Fatar da harsashi bai iya lotsa ta ba, takarda mai nauyin giram ɗaya ba za ta lotsa ta ba. Ƙofofin nan za su zauna a rufe har abada. Ba zai san ko tikiti ɗaya ya riƙe ko biyu a manne ba sai ya duba da ido. Matsalar ta wuce nan ma. Roland Johansson da abokin aikinsa a Suwidin sun nuna a 1984 cewa hannunmu yakan matse abu da ƙarfin da ya ɗan ɗara abin da zai hana shi suɓucewa, kuma da abin ya fara zamewa yatsu kan ƙara matsi cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, tun mutum bai ankara ba. Idan aka yi wa kan yatsu allurar kashe ji, wannan daidaitawa takan lalace, mutum ya riƙa damƙar abu fiye da kima ko ya sake shi. Ka haɗa irin wannan hannu da ƙarfin ɗaga tarago. Kowane kofin gilashi da ya ɗauka ya shiga uku, haka ma hannun duk wanda ya miƙa masa gaisuwa.

Akwai jarumi na biyu da marubuta suka fi so: fatarsa na da laushi, yana jin taɓawa, sai dai babu abin da ke yi masa lahani, don haka ba ya jin zafin ciwo. Rabin wannan hali yana nan a zahiri. A 2006 masu bincike daga Jami'ar Kambirij suka wallafa bayani a kan wasu yara daga iyalai uku a arewacin Pakistan da ba su taɓa jin ciwo ba saboda wani canji a ƙwayar gado mai suna SCN9A. Suna jin taɓawa, suna bambance ɗumi da sanyi. Amma dukkansu sun ji wa leɓɓansu ko harshensu rauni da cizo tun suna ƙanana, wasu sun yi karayar da ba a gano ba sai da suka fara ɗingishi. Bambancinsu da jarumin zane ɗaya ne: su jikinsu ne ke biyan kuɗin rashin jin, shi kuwa mutanen da ke kewaye da shi ne ke biya. Zai ɗauko butar ƙarfe daga kan wuta da hannu tsirara ya miƙa wa yaro, da zuciya ɗaya. Zai tsaya awa huɗu a kan dandamalin tasha cikin rana yana mamakin me ya sa tsohon da ke gefensa yake neman benci. Iyakar abin da ya sani game da iyakar jikin ɗan Adam, daga kukan wasu ya koya, idan ma ya saurara.

Abu na ƙarshe daga ilimin jiki, sannan mu koma tasha. Ernst Weber ya nuna tun a shekarun 1830 cewa ƙarin nauyin da mutum zai iya lura da shi ya danganta da abin da ya riga ya ɗauka. Mai riƙe da wasiƙa zai ji idan aka ɗora masa wata. Mai ɗauke da akwati ba zai ji ba. Kamfanin da ke sayar da miliyoyin tikiti a wata yana ɗauke da akwati ne, kuma kuɗinka da suka maƙale wasiƙa ce guda.

Ga yadda suke maƙalewa. Lokacin da ka danna kujera, kwamfutar kamfanin ba ta sayar maka da ita ba, ta dai riƙe maka ita na ɗan lokaci. Daga nan sai ta miƙa ka ga kamfanin karɓar kuɗi, shi kuma ya tambayi bankinka, bankin ya turo maka lambar sirri, ka shigar, bankin ya amince ya killace kuɗin, amsar ta dawo ta hanyar da ta bi har ta iso kwamfutar jirgin. Hannu uku ko huɗu ke nan, kowanne da nasa agogon. Idan saƙon tes ya yi jinkirin minti biyu, ko sabis ya ɗauke a daidai lokacin da shafin banki ke mayar da kai, amsar banki za ta iya isowa bayan an saki kujerar. Sai ka ga an cire kuɗi, tikiti kuwa babu. Abin da ya kamata mutum ya yi a nan shi ne ya haɗiye gaggawa: kada ya sake biya nan take. Ya duba jerin tafiye-tafiyensa a cikin manhajar, ya duba imel har da akwatin tarkace, ya jira kamar minti 15, domin wani lokaci tikitin yakan fito a makare, kuma mai gaggawa yakan wayi gari da tikiti biyu na jirgi ɗaya, ɗayan ba a mayar da kuɗinsa. Idan bai fito ba, kuɗin da aka killace sukan dawo da kansu, amma bayan kwanaki. A littafin kamfanin ba a yi asarar komai ba. A aljihun wanda kuɗin tafiyar ke nan gare shi, tafiyar ta fasu.

Sauran tarkunan ƙanana ne, sai dai suna kama mutane kullum. Jirgin da zai tashi ƙarfe 00:20 na ranar Asabar, ranar Juma'a da daddare ake zuwa tasha dominsa, kuma mutane da yawa sukan zo ranar Asabar da daddare su tarar jirginsu ya tafi tun awa 24 da suka wuce. Layi ɗaya na gargaɗi a kan allon biya zai magance wannan. Manyan birane suna da tashoshi da yawa: mai sauka a Gare du Nord a Faris da zai ci gaba zuwa kudu sai ya ratsa gari zuwa Gare de Lyon, abin da tikiti kan nuna da 'yan ƙananan haruffa. Inda ake rubuta suna a tikiti, harafi ɗaya da ya saɓa da katin shaida na iya tsayar da mutum a ƙofa. Tikitin da ke cikin waya kuma yana mutuwa tare da batir, shi ya sa mai hankali yake sauke shi tun a gida, ya ƙara hasken allo kafin ya kai shi bakin na'urar dubawa, idan tafiyar mai nisa ce ya buga shi a takarda.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne ganin an rubuta babu kujera alhali jirgin bai cika ba. Kujera ba abu ɗaya ba ce a idon kwamfuta, zango-zango ake sayar da ita. Idan jirgi zai tsaya tasha biyar, kujera ɗaya tana da zango huɗu, kuma idan wani ya sayi ɗaya daga na tsakiya kaɗai, ba a iya sayar da ita ga mai tafiya daga farko zuwa ƙarshe. Saboda haka kamfanoni sukan ware wa kowace tasha kasonta, su hana gajerun tafiye-tafiye cinye kujerun masu dogon zango. Wanda ya san wannan yakan gwada neman tikiti daga tashar da ke kafin tasa, ko zuwa wadda ke gaba da inda zai sauka, amma sai ya fara duba ƙa'ida, domin a wasu wuraren rashin hawa daga tashar da aka rubuta yakan sa a ba wani kujerar. Farashin da ke hawa yayin da ranar tafiya ke matsowa kuwa daga jiragen sama aka aro shi. Kamfanin jirgin ƙasa na Faransa ya ƙaddamar da tsarinsa mai suna Socrate a 1993, wanda aka gina a kan na'urar ajiyar kujeru ta wani kamfanin jirgin sama na Amurka, kuma watanninsa na farko sun zama abin kwatance wajen dogayen layuka da fusatar fasinjoji.

Ban ce a soke duk waɗannan ba. Agogon riƙe kujera yana hana mutum ɗaya ya toshe tarago guda ya je ya yi barci. Suna a kan tikiti yana karya kasuwar 'yan bumburutu. Farashi mai sauƙi ga wanda ya sayi tikiti da wuri yana cika jiragen tsakar rana da da za su tafi wayam. Kowace ƙa'ida tana da dalili. Tambayata ita ce a jikin wa aka auna ta. A Japan ana buɗe sayar da kujeru ƙarfe 10 na safe, wata guda kafin ranar tafiya. A Indiya an rage wa'adin sayen tikiti tun da wuri daga kwana 120 zuwa 60 a watan Nuwamba na 2024, kuma kason gaggawa da ake kira Tatkal yana buɗewa kwana ɗaya kafin tafiya, ƙarfe 10 ga taragun sanyi, 11 ga sauran. A Sin kwana 15 ne. Duk inda aka tara buƙatar dubban mutane a kan daƙiƙa ɗaya, an shirya tsere ne, kuma mai cin tseren shi ne mai saurin intanet da yatsu, ko manhajar da wani ya rubuta ta yi masa dannawa. Mai zuwa jana'iza da ya sami labari da daddare ba ya cikin lissafin. Jerin jiran da 12306, shafin sayar da tikitin jirgin ƙasa na Sin, ya shigo da shi a 2019, inda kujerar da aka mayar take zuwa kai tsaye ga na gaba a layi, ya fi adalci nesa ba kusa ba, domin ya cire yatsu daga gasar.

Inda fasinjan ƙarfen nan ya fi fitowa fili shi ne lokacin sauya jirgi. Manhaja za ta ba ka minti 6 tsakanin sauka da hawa, ta kira shi isasshe. Mu yi lissafi. Baligi mai lafiya da ba ya ɗauke da kaya yana cin kusan mita 1.3 a daƙiƙa, wato mita 300 a ƙasa da minti 4. Dattijo mai tafiyar mita 0.8 a daƙiƙa zai ci fiye da minti 6 a wannan nisan, ba a sa jiran lif ba, ba a sa cunkoson bakin ƙofa ba, ba a sa tsayawa karanta allo ba. Ga shi kuma ana rufe ƙofa kafin lokacin da aka rubuta: a Faransa ana so fasinja ya hau aƙalla minti 2 kafin tashi. Wasu manhajoji suna ba ka damar tsawaita lokacin sauyi, amma sukan ɓoye maɓallin a ƙarƙashin zaɓuɓɓuka. Kamata ya yi tambayar ta zo a shafin farko, kusa da ranar tafiya: kana da kaya, ko yara, ko wahalar tafiya?

Idan ka rasa jirgi na biyu saboda na farko ya makara, makomarka ta rataya a kan abin da ba kasafai ake gani a allo ba, wato ko tikitinka yarjejeniya ɗaya ce daga farko zuwa ƙarshe ko tikiti biyu ne da aka jera maka a kwando ɗaya. Na farko ya wajabta wa kamfanin ya kai ka inda za ka. Na biyu kuwa, a wurare da dama, ya bar ka ka sayi sabo a farashin ranar. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2021/782, da ta fara aiki ranar 7 ga Yuni 2023, ta taɓo wannan. Idan dillali ya haɗa maka tikiti daban-daban a ciniki ɗaya bai gaya maka cewa yarjejeniyoyi ne daban ba, ka rasa sauyi, zai mayar da kuɗinka duka ya ƙara kashi 75. Dokar ta kuma ajiye diyyar kashi 25 ga jinkirin minti 60 zuwa 119, kashi 50 daga minti 120, ta rage sanarwar neman taimako ga naƙasassu daga awa 48 zuwa 24. A Jamus, mai tikitin rangwame da aka ɗaure ga jirgi guda yana samun 'yancin hawa wani idan ana hasashen zai isa a makare da minti 20 ko fiye. Irin waɗannan ƙa'idoji su ne nake kira jijiyoyin kamfani: hanyoyin da wahalar fasinja take bi ta isa jikin kamfani.

Sai dai jijiya ba ta da amfani idan mai ita yana iya kashe ta. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki da masu cutar kuturta a Vellore ta Indiya daga ƙarshen shekarun 1940, shi ya nuna cewa yawancin lalacewar yatsu da ƙafa a cutar daga mutuwar ji take zuwa: mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ya yi ta tafiya a kan gyambo. Daga baya a Amurka shi da abokan aikinsa suka gwada ƙera ciwo na roba, safar hannu da ta ƙafa masu na'urar auna matsi da ke yin ƙara ko kunna fitila idan matsin ya yi yawa. Marasa lafiyar suka riƙa yin biris da ƙarar. Aka mayar da gargaɗin ya zama ɗan jan lantarki mai zafi, sai suka riƙa kashe na'urar idan za su yi aiki mai nauyi, su kunna bayan sun gama. Aka watsar da aikin.

Fom ɗin koke da tambayoyin nan na ka ba mu tauraro nawa, ƙarar safar Brand ce. Diyyar da sai fasinja ya nemo fom, ya ɗauki hoton tikiti, ya cike cikin wa'adi, ya jira makonni, ita ce na'urar mai makunni a hannun kamfani, domin ya san mutane da yawa za su haƙura. Amma kamfanin da ya sayar maka da tikiti ta manhaja ya san sunanka, ya san jirgin da ka hau, ya san minti nawa ya makara, ya san katin da ka biya da shi. Babu wani dalilin fasaha da zai hana kuɗin su dawo da kansu cikin 'yan kwanaki. Wasu kamfanoni a Birtaniya suna yin haka ga tikitin da aka saya kai tsaye daga wurinsu don jirgi takamaimai, kuma da yawansu suna fara biyan diyya tun daga jinkirin minti 15. Abin da ya rage shi ne doka ta mayar da shi tilas, ta haɗa da kuɗin da suka maƙale ba tikiti: a sa wa'adi, idan ya wuce a ɗora tara da ke ƙaruwa kullum.

Ita ma tagar sayar da tikiti jijiya ce, wataƙila mafi tsufa. A 2023 aka kawo shawarar rufe kusan dukkan ofisoshin tikiti na tashoshin Ingila, bisa hujjar cewa kashi 12 cikin ɗari kacal na tikiti ake saya a can. Martani kusan 750,000 suka shigo, gwamnati ta janye shirin a ƙarshen Oktoba. Hujjar kashi 12 ta tsallake tambayar su wane ne a cikin kason: makafi, tsofaffi, marasa katin banki, baƙin da ba su san yaren na'urar ba, da wanda tafiyarsa ta rikice har manhaja ta kasa warware ta. Ma'aikacin taga kuma yana yin wani aikin da ba a rubuta a takardar ɗaukarsa ba. Idan mutum goma suka zo da safe ɗaya da tikitin tsakar dare na ranar da ba daidai ba, shi ne na farko da zai san cewa allon yana ɓatar da mutane. Kwamfuta za ta rubuta su ne a matsayin fasinjoji goma da ba su zo ba, ta ƙara da tikiti goma sababbi da aka sayar.